Matakala Talatin da Huɗu

Matakala talatin da huɗu ne zuwa ɗakin Doña Basilia.
Ba ni na ƙirga ba, huhuna ne ya ƙirga.
Shekara arba'in na yi a cikin dutsen Potosí
ina bin jijiyar kuza kamar gara,
nakiya ta cinye kunnena na hagu,
dutsen ya sallame ni da tari
da yatsu goma masu kama da saiwar rogo.

Ran Laraba nake hawa, in rana ta karkata.
Nilda kan riga ni. Shekararta bakwai,
haƙoranta biyu na gaba sun yi balaguro,
bibbiyu take tsallake matakalar
ta zauna a sama tana lilo da ƙafa:
"Kaka Fermín, har yanzu?"

A ciki akwai Eusebio direban bas,
hannunsa na warin man inji,
da Remedios mai dankali, goyonta na barci,
da wani saurayi da ba ya gaisuwa
sai in tsirkiya ta gaisar masa.
Benci ɗaya muke, kafaɗa da kafaɗa,
sanyi na shigowa ta tagar da aka toshe da jarida.

Ran da na fara zuwa na ce mata,
"Malama, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ni kuwa na bushe."
Ta ɗauko carango daga ƙusa,
ɗan ƙaramin molo mai tsirkiya goma,
ta ƙwanƙwasa bayansa da ɗan yatsa:
"Wannan fa? Ɗanyen icce ka ji yana magana?
Sai da ya bushe ya sami murya."

Ba ta fara da kiɗa ba.
Cewa ta yi kowa ya rufe ido
ya faɗi abin da ya ji.
Nilda ta ji kare, da cokali a gidan maƙwabta.
Eusebio ya ji birkin da ke neman gyara.
Ni ban ji komai ba sai ƙugin ƙirjina.
Ta ce, "To, ga gangarka nan. Bi ta."

Wata uku yatsuna suna gardama.
In na danne ɗaya, biyu su yi kuka.
Yarinyar nan ce ke kama babban yatsana
ta ajiye shi inda ya dace,
kamar mai tsallakar da makaho titi.
Ni kuma na koya mata jira.
Takan yi gudu ta bar waƙa a baya,
sai in ce: a rami, mai sauri ba ya tsufa.

Abin da ban faɗa wa kowa ba:
akwai wani amo da Casilda ke yi ta hanci
in tana tsefe ulu a bakin ƙofa.
Ba shi da suna, ba shi da baiti.
Shekara shida ke nan da na binne ta,
amon na zube mini kaɗan-kaɗan
kamar gishiri daga huɗajjen buhu.

Wata Laraba na yi shi ban sani ba.
Basilia ta ɗaga hannu, ɗaki ya yi tsit.
"Sake."
Na sake, murya na rawa.
Ta tsinto rabinsa a tsirkiya,
Nilda ta tsinto gaɓar da ta ɓace,
saurayin nan ya sa masa ƙasa ya tsaya a kai.
Remedios ta juya fuska wajen bango.

Ranar da muke kai wa matattu burodi da furanni
na zauna gefen kabarin, carango a ƙirji,
na kaɗa shi tun daga farko har ƙarshe.
Kuskure huɗu, in ji Nilda,
da ta biyo ni riƙe da hulata.

Laraba mai zuwa za mu gyara na farkon.